Gaisuwar da ake kai wa malami kafin a ba da maki

A Sanyinna, kamar sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe, ɗalibi ba ya zuwa wurin malamin zaure hannu rabbana. Da kaka a kai damin gero, tsakiyar mako a kai kuɗin Laraba, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan rashawa. Rigimar tana tasowa ne in yaron ya shiga jami'a, aka sauke buhun shinkafa a ƙofar malamin da ke duba kundinsa na kammala digiri, ana saura mako biyu a ba da maki. Uban da ya aiko zai ce ihsani ne. Malamin zai ce ai bai roƙa ba.

Babbar jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo take ɗauke da shi, kuma Shehu bai sassauta wa wannan al'ada ba. A littafinsa Kitabul Farƙ, cikin halayen sarakuna da ya soka, ya ambaci gaisuwa da sunanta na Hausa, wato abin da ake miƙa wa mai iko don a samu shiga. Hujjar ma ta girme shi. Da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ware wani kaso ya ce kyautarsa ce, sai Annabi (SAW) ya tambaya ko za a kawo masa ita da ya zauna gidan iyayensa.

Malamin zaure karatu kawai yake bayarwa. Na jami'a kuwa alƙali ne, domin makinsa shaida ce cewa wane ya iya, kuma da ita za a ɗauke shi aiki a asibiti ko a aji. In an sayi shaidar, marar lafiya da ɗan firamare ne za su biya.

An ga inda abin ke kaiwa. A Disambar 2023, Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, bai shiga aji ko sau ɗaya ba, har ya samu gurbin bautar ƙasa. Gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce takardun bogin sun haura 22,000. Galibi ba aljanu ne suka biya kuɗin ba, iyaye ne.

Uban da ke son gode wa malamin ɗansa, don Allah ya bar buhun a rumbu sai an manna sakamako.