Zaɓi ko tilas? Ɗalibin likitanci da gidan likitar ƙauye

Duk darasin da makaranta ta bar wa ɗalibi ya ɗauka in ya ga dama, ta riga ta shaida masa, ko da ba da baki ba, cewa ana iya gama karatu ba tare da shi ba. Malaman makaranta sun fi kowa sanin haka. To shin zaman koyon aiki, wanda ake kira sitaj, a hannun likitan iyali, ya kamata a wajabta shi ga kowane ɗalibin likitanci, ko kuwa a bar wa mai sha'awa?

Likitan iyali shi ne wanda ta ƙofa guda yake karɓar jariri da kakarsa, mai ciki da mai hawan jini. A Amurka an amince da aikin nan a matsayin fanni mai zaman kansa a 1969, kuma yawancin makarantunsu suna wajabta ƴan makonni a cikinsa, sa'an nan su bar wa mai so ya ƙara a shekarar ƙarshe. Akwai dalili. A 1961 likita Kerr White da abokan aikinsa suka ƙididdige cewa cikin manya 1000 a Amurka da Ingila, a wata guda, wajen 750 sukan ji rashin lafiya, 250 su ga likita, a kwantar da 9, mutum 1 tak ake turawa asibitin jami'a. Ke nan wanda ya yi dukan karatunsa a babban asibiti, da wannan mutum ɗayan ya saba.

A ƙasarmu tazarar ba ta gaza haka ba. Ɗalibin Yamai, ko na Maraɗi, ko na Damagaram, yana ganin majinyacin da aka riga aka tace: ya sami kuɗin mota, ya sami mai rakiya, ya iso da ransa. Sai a gidan likitar ƙauye zai gamu da uwar da ta tako da ƙafa cikin watan Satumba, goyonta na zazzaɓi, maigida yana gona, rumbu ya yi ƙasa. A nan zai ɗaura ma'aunin dantse ya ga ya faɗa cikin ja, ƙasa da milimita 115, ya gane cewa maganin zazzaɓin cizon sauro kaɗai ba zai tada yaron ba. A nan zai koyi tambayar abin da aka sha kafin a zo, ba tare da ya kunyata kowa ba, domin wanda aka kunyata ba ya sake faɗin gaskiya. Gani ya kori ji.

Masu cewa a bar zaɓi suna da hujja, ba na raina ta. Tilas ba ta haifar da ƙauna, kuma wanda zuciyarsa ke wajen tiyata zai yi ta ƙirga kwanaki. Amma ni ina ganin bashi ne. A jikin wa ɗalibi ya koyi neman jijiya, ya soka allura sau biyu, sau uku, kafin ya dace? Ba a jikin mai hali ba, shi yana da likitansa. A jikin talaka ne, wanda sau da yawa bai ma san ɗan koyo ne ke taɓa shi ba. Wanda ya ci wannan bashi ba shi ne zai zaɓi ko ya san gidan mai binsa ba. Likitan tiyatar ma zai rage faɗa da masu zuwa a makare in ya taɓa bin hanyar da suke biyowa da damina.

Sai dai tilas tana da nata haɗari, kuma shi ya fi damuna. In aka tura ɗalibi inda babu likitan da zai tsaya a kansa, bashi aka ƙara, mutanen ƙauye sun zama allon gwaji. Haka ma baƙin ɗalibai masu zuwa Afirka daga Turai na ƴan makonni da zaɓin kansu: abin da ba za a bar su su yi a gida ba, bai halatta su yi shi a nan ba. Wanzami ba ya miƙa wa yaronsa aska ya juya baya. Maƙwabtanmu na Mali sun fara zaunar da likitocin karkara tun 1989, kuma samun irin waɗannan tsayayyun likitoci shi ne sharaɗin farko, kafin a yi maganar tura kowa.

Sharaɗi na biyu ba ya cin ko dala. Kafin ɗalibi ya taɓa goyon matar nan, a gaya mata da harshen da take ji, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, cewa wannan ɗan koyo ne, ga malaminsa tsaye, kuma in ta ce a'a za a duba ɗanta yadda ake duba na kowa.