Zaure da gareji: gardamar uba da ɗa a kan gini



Ƴan'uwa, wata magana ta taso a zawiyarmu nan Maraɗi bayan wazifar magariba, kuma na san da wuya a rasa irinta a Damagaram ko Tawa ko Yamai. Wani dattijo, wanda ya fi shekara talatin yana zama tare da mu a bakin farin ƙyallen wazifa, ya kawo ƙarar ɗansa na fari gaban muƙaddami. Ɗan ma ɗan'uwa ne a ɗariƙa, ma'aikaci ne, yana da mata ɗaya da ƴaƴa uku. Laifinsa shi ne ya sayi fili a bayan gari, ya fara gini da siminti, yana shirin fita daga gidan gado.

Dattijon ya ce: "Malam, ɗaki nawa ne a gidana babu kowa ciki? Ni a gidan mahaifina na yi aure, a nan na aurar. Shi kuwa ya je ya ci bashi don ya yi katanga da ƙofar ƙarfe. Na ga zanen gidan da idona. Akwai wurin kwanan mota, babu zaure."

Ɗan bai ɗaga kai ba. Ya ce: "Baba, ka gafarce ni. Ɗakin da muke ciki ya tsage tun ruwan 2024, da yara muka kwana a tsakar gida. Kuma ka san abin da ke tsakanin iyalina da mutanen gida." Ya yi shiru, sannan ya ƙara abin da na tabbata ya daɗe yana haɗiyewa: uban yana da filaye biyu da ya kewaye ya bari shekara da shekaru, bai gina ba, bai ba kowa ba, kuma bara ya sayar da shanu ya tafi Umura karo na uku.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kowannensu kalma ɗaya yake jifan ɗayan da ita, wato almubazzaranci. Uba yana ganinsa a tayil da babbar waya da kuɗin makarantar kuɗi. Ɗa yana ganinsa a bikin da aka yi wa ƙanwarsa, da kayan ɗakin da har yanzu ba a gama biya ba, da filin da ciyawa ke ci. Ba wanda ya ga nasa.

Kafin a yanke wa kowa hukunci, ya kamata a san abin da ya rene shi. Dattawanmu sun ga farin 1973 da 1974, sun ga yunwar 1984, sun wayi gari a watan Janairun 1994 an raba darajar sefa biyu. Wanda ya ga haka ba ya amince wa takardar kuɗi. Ya fi amince wa rumbu da saniya da fili, kuma fiye da duka ya amince wa mutane: gida cike, tukunya ɗaya babba, wanda ya samu ya rufa wa wanda bai samu ba asiri. A wurinsa ɗan da ya ware ya cire ginshiƙi ne daga cikin soro. Saurayi kuwa ya tashi ya tarar gari ya cika, filin da ubansa ya samu da araha yanzu sai albashin shekaru. Yana ganin idan bai kama nasa yau ba, gobe ya fi ƙarfinsa. Ya kuma ga abin da ruwa ya yi wa ginin ƙasa a damanar 2024, lokacin da gidaje suka zube a unguwannin Maraɗi, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe. Ba girman kai ba ne mutum ya ji tsoron bango ya faɗa wa ƴaƴansa.

Har ma akwai abin da masu cewa gidan gado ke mantawa. Maraɗin da muke ciki ba a nan take da can ba. Sai da Gulbi ya yi ambaliya a 1945 aka taso da gari daga fadama zuwa tudu. Gidan da dattijon ke kira na kaka da kakanni, wata rana sabon gida ne, kuma mai yiwuwa an samu tsohon da ya yi fushi ranar da aka aza harsashinsa.

To, me hanyarmu ta ce? Mutanen Allah ba su auna zuhudu da laka ko siminti ba. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya kamanta dukiya da maciji, yana da dafi, akwai kuma magani a jikinsa, sai dai wanda ya iya kamu. Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya ƙara masa yarda, da ya sauka Fas ya zauna a babban gidan da Sarki Maulaya Sulaimanu ya ba shi, kuma an san hanyarsa da hanyar godiya. Saboda haka wanda ya ce wa muridi gida mai kyau yana rage masa daraja a wurin Allah, ya faɗi abin da shehunnanmu ba su faɗa ba. Amma godiya ma tana da sharaɗi: a yi amfani da ni'ima a inda Mai ni'imar ya so. Suratul Furƙani ta siffanta bayin Allah da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙuntatawa, kuma wannan tsakiya ba a auna ta da yawan jikkar da aka kashe. Ana auna ta da hakkin da aka biya da wanda aka danne.

Da wannan ma'auni, ni a ganina ɗan yana da gaskiya a kan fita. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa mace tana da hakkin mazaunin da ba za ta cutu da dangin miji ba, kuma mun san gidaje nawa zumunci ya lalace a cikinsu saboda murhu da famfo da faɗan yara. Sau da yawa ƴan'uwa sun fi son juna idan akwai ƴar tafiya a tsakani. Dattijon kuma, da girmansa da komai, akwai abin dubawa a wurinsa. Umura ta uku nafila ce. Ɗa da jikoki a ɗakin da ya tsage lamari ne da ke gabanka. Kowa ya san labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya so ya yi sadaka da mafi yawan dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya tsayar da shi a sulusi, ya nuna masa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙo. Akwai son duniya da ke sa rawani. Riƙe fili don kawai a ce Alhaji yana da filaye, ko don ƴaƴa su ci gaba da durƙuso suna jira, yana cikinsa, ko da mai yin haka a tabarma yake kwana.

Amma maganar zaure ba ta bar ni ba, kuma a nan nake ganin tsohon ya hango abin da ɗan bai hango ba. Zaure ɗaki ne da mai gida ya gina don wanda ba ɗan gida ba. Nan baƙo ke sauka, nan almajiri ke fakewa daga ruwa, nan ake fitar da akushi, nan maƙwabci ke zuwa da matsalarsa ba sai ya yi waya ba. Yawancin zawiyoyinmu a zaurukan mutane suka fara. Idan aka zana gida tun daga takarda aka ba mota ɗaki, ba a ba baƙo ko inuwa ba, to an riga an yanke shawara a kan irin zaman da za a yi da mutane, ko mai gidan bai lura ba. Sannan ga bashi. In da ruwa a kansa, wannan ba ya buƙatar dogon bayani ga muridi. In ma babu, bashin da aka ci don rufi daban yake da wanda aka ci don ƙofar da za ta fi ta abokin aiki kyau. Na ga samari da yawa da suka daina zuwa zikirin Juma'a, ba don sun bar ɗariƙa ba, sai don suna neman abin biyan ƙarshen wata. Kuma ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan ɗa mai hali, kamar yadda muka karanta a Risala. Bulo ba ya shiga gaban wannan.

Muƙaddami bai yi dogon wa'azi ba. Ya tambayi dattijon: "Alhaji, filin nan naka na kusa da kai, wa kake ajiye wa?" Ya tambayi ɗan: "Kai kuma, in Baba ya zo gidanka da abokansa biyu, ina za ka shimfiɗa masu tabarma?" Ba wanda ya amsa. Aka kira isha'i, aka tashi.

Bayan wata biyu na bi ta wurin ginin. An kai linta. A gefen ƙofa, inda zane ya nuna gareji, magina sun bar taga ta waje, sun ɗaga daɓe, an ce mini ɗakin baƙi za a yi, babur kuma zai kwana a tsakar gida. Filayen dattijon suna nan yadda suke, sai dai na ji ya aika wa ɗan da buhun siminti goma ta hannun ƙaninsa, ya ce kada a faɗi daga inda suka fito. Har yanzu bai taka ƙafarsa ya je ya ga ginin ba.