Tsohuwar Mota, Tsohuwar Lamba: Wa Ke da Haƙƙi a Kanta?

Motar da aka saya a 1975 aka kawo ta Janbako, ko da ba ta taɓa wuce Talata Mafara ba, ta zauna a jihohi uku. An saye ta a Jihar Arewa maso Yamma, wadda aka kafa a 1967. A 1976 ta wayi gari a Jihar Sakkwato. Ran 1 ga Oktoba 1996 kuma ta zama 'yar Zamfara. Ita ma lambar mota haka ta yi ta sauyawa. Dattawanmu sun san baƙin allon nan mai fararen haruffa da ke farawa da SO. A 1992 aka kawo sabon tsari na ƙasa baki ɗaya, mai haruffa uku na ƙaramar hukuma a ƙarshe. A 2011 aka sake shi, haruffan suka dawo farko: GUS ta Gusau, TMA ta Talata Mafara.

To, a ce wani ya gaji irin wannan mota, Peugeot 504 ko a-kori-kura 404, ya kashe kuɗi aka tayar da inji, aka yi mata fenti irin na da. Yana so ta fita da tsohuwar lambarta, domin a ganinsa sabon farin allo a jikinta kamar dattijo ne da rawani da wandon ƙwallo. Yana da wannan haƙƙi?

Ƙasashen da suka daɗe da son tsofaffin motoci sun ba da amsoshi daban-daban. Jihohi da dama a Amurka, har da Kalifoniya, suna barin mai tsohuwar mota ya maƙala lambar shekarar da aka ƙera ta, muddin hukuma ta duba ta amince, kuma babu wata mota da ke riƙe da wannan lambar. A Birtaniya, motar da aka ƙera kafin 1980 aka kuma yi mata rajistar motar tarihi tana iya ɗaukar baƙin allo irin na da. Jamus tun 1997 tana ba motar da ta kai shekara 30, aka kuma kiyaye asalinta, lamba mai harafin H a ƙarshe. Hanyoyin sun bambanta, amma duk sun haɗu a abu ɗaya: kowace irin lamba aka gani a jikin mota, tana cikin littafin hukuma, da sunan mai rai a gabanta.

Mai son tsohuwar lamba yana da hujja, kuma bai kamata mu raina ta ba. Yankinmu ba shi da yalwar gidajen adana tarihi. Abin da muke da shi na shekarun 1970 yana cikin bakin tsofaffi da cikin ƙarafa. A waɗannan shekarun ne kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori, aka kammala a 1978. A cikinsu aka tashi ƙauyuka, gonaki suka shiga ruwa, har rikicin diyya ya kai ga 'yan sanda sun buɗe wa manoma wuta a Afrilun 1980. Motocin da suka yi jigilar ma'aikata da hatsi da masu ƙaura a lokacin shaidu ne. Lambar SO da ke jikinsu tana gaya wa yaron da aka haifa bayan 1996 cewa akwai lokacin da Maradun da Bakura ke karɓar umarni daga Sakkwato. Wanda ya cire ta ya jefar a juji ya yaga shafi ɗaya daga littafin da dama shafukansa kaɗan ne.

Sai dai mu tambayi kanmu: don wa aka yi lambar mota? Mai mota ba ya buƙatarta, ko cikin duhu ya san abarsa. An yi ta ne domin wanda bai san shi ba. An yi ta domin mai tallar nono da aka buge a gefen hanyar Gusau zuwa Sakkwato, da yaron da ya ga abin ya faru, wanda ba shi da abin da zai riƙe sai haruffa da alƙaluman da idonsa ya kama kafin ƙura ta rufe su. Mai mota ne ya biya kuɗin allon, amma amfaninsa na jama'a ne. Maƙala shi alkawari ne cewa in na yi ɓarna, ga inda za a same ni.

Mu a Zamfara mun san abin da ke faruwa idan babu wannan alkawari. Baburan da ke fitowa daga daji ba su da lamba, kuma rashinta na cikin makamansu. Wanda ba a iya bin sawunsa ba ya jin nauyin kowa. Saboda haka tsohuwar lambar da fayil ɗinta ya ɓace a wani ofishi tun kafin a raba jiha, ko da mai ita mutumin kirki ne, daidai take da babu a wurin wanda aka zalunta. Kyan niyyar direba ba ya biyan kuɗin asibiti.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan matsalar ta wata fuska. A rumbun bayanai, kowane abu yana da lamba guda da ba a ba wani, ba a kuma sake amfani da ita. Idan tsari ya sauya, ba a goge tsohon suna, ana ɗaura shi a kan sabon, ta yadda duk wanda ya nemi tsohon zai faɗa kan bayanin da ke aiki yau. Mota ma tana da irin wannan tushe, wato lambar shasi. Ba abu ne mai wuya ba Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa a 1988, tare da ofishin rajistar motoci na jiha, su buɗe rukunin motocin tarihi: a duba shasi, a duba birki da fitila, a shigar da tsohuwar lambar a matsayin laƙabin sabuwar. Sai tarihi ya tsaya a jikin mota, mai tallar nono kuma ba ta rasa haƙƙinta ba.

Akwai wata iyaka kuma da doka ba za ta iya tsare mana ba. Lambar da mota ta ɗauka da gaske daban, lambar da aka ciro daga wata mota a wurin 'yan gwangwan aka liƙa mata daban. Dokar Amurka ta yarda da ta biyun, tunda shekara kawai take dubawa. Mu kuwa muna ganin akwai abin lura. In aka kawo mota daga Kwatano bara, aka sa mata SO, aka bar mutane suna zaton ta ga ginin Bakolori, an ƙirƙira mata asali. Ranar da za a sayar da ita, wannan zaton zai koma kuɗi, kuma addininmu bai yi sassauci a kan algus a ciniki ba. Ado ba laifi ba ne idan an faɗa cewa ado ne. Laifin yana farawa ne daga lokacin da aka yi shiru domin mai saye ya ruɗi kansa.

Hukuncinmu ke nan. Wanda ya gaji mota da lambarta ta asali, ya adana allon kamar yadda ake adana takardar gona. Muddin hukuma ba ta buɗe hanyar da tsohuwar lamba za ta kai ga mai ita ba, ya hau titi da wadda ke aiki, tsohuwar ta jira ranar hawan salla a ƙofar gida ko ta zauna a bangon zaure. Masu son waɗannan motoci kuma su haɗa kai su nemi a yi musu doka, maimakon kowa ya dogara da sanayya a shingen hanya. Son abin da iyaye suka bari halin kirki ne, amma wanda ke tafiya a ƙasa yau shi ma yana da iyaye, kuma suna jiran ya dawo gida.