Rufin asiri da takardar sunaye

Addu'ar da ta fi yawa a bakin mutumin Adar ita ce Allah ya rufa asiri. Abin da yake roƙo shi ne hayaƙi ya tashi a gidansa da maraice, kada maƙwabci ya gane rumbu ya ƙare tun kafin ruwan farko. Agajin zamani kuwa da tambayar da ke tona wannan asiri yake farawa: wane ne matalauci a garin nan?

Tun bayan yunwar 2005, wadda shugaba Tandja Mamadou ya ƙi kiranta da sunanta, masu agaji suka fara karkata daga rabon hatsi zuwa rabon kuɗi. A 2010 ƙungiyar Concern Worldwide ta ba mata a ƙauyuka 96 na jihar Tawa kimanin jika 22 kowane wata, har wata biyar, wasu hannu da hannu, wasu ta wayar salula. A 2011 gwamnati, da tallafin Bankin Duniya, ta kafa nata shirin na jika 10 a wata. Kuɗin ba su isa kowa ba, dole a zaɓa. Sai a kasa gidajen gari kashi-kashi, a ƙidaya awaki da bakunan da ake ciyarwa, a rubuta sunaye.

Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, cikinsu har da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun bi sawun irin wannan rabo a ƙauyukan Nijar. Sun tarar da zargi ya cika gari, kowa na cewa ɗan uwan maigari aka rubuta. A wasu wurare kuma, da motar ƙungiya ta juya baya, sai a tattaro kuɗin a sake raba wa kowa. Ga ma'aikacin agaji wannan karkatar da dukiyar mabuƙata ce. Amma mutanen garin hujja suke kafawa: fari bai zaɓi gona ba, kuma wanda yau aka ce yana da hali, don ɗansa na aiko kuɗi daga Abijan, ciwo ɗaya ya isa ya mayar da shi ƙasa. Matar da ta ci rabonta ita kaɗai, wa za ta roƙa bashin hatsi baɗi, lokacin da ƙungiyar ta tafi?

Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ba ta wanke gari sarai ba. Zumuncin da ake yabo yana da nasa ƴan bora. Benedetta Rossi, a littafinta na 2015 kan tarihin Adar, ta nuna cewa a aikin gyaran ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984, mata matalauta ne, da yawansu jikokin bayi, suka ɗauki duwatsu don awon abinci. Idan aka raba jika 10 ta bazawara daidai da mai shanu, adalci aka yi ko ƙwace cikin ladabi?

Akwai wani abu a binciken Jenny Aker da abokan aikinta kan rabon 2010 da ya kamata masu tsara agaji su riƙe. Gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, ga shi kuɗin ɗaya ne. Masu binciken sun danganta hakan da rage doguwar tafiya da zaman layi, da kuma ƙarin ikon mace a kan kuɗin, tunda saƙon yakan iso mata ba a idon jama'a ba. Ita ke zaɓen ranar da za ta je ta karɓa, da wanda za ta faɗa wa.