Ko Wajibi Ne Mai Bi Ya Kiyaye Kirsimati?

Karatu: Romawa 14:5-6, Galatiyawa 4:9-11, Yohanna 10:22-23

In watan Disamba ya kama, aka tare dawa a rumbu, sai tambayan nan ta taso a ekklesiyoyin ƙasar Kontagora. Wani ya ce wanda bai yi Kirsimati ba ya musunci Ubangijinsa. Wani kuwa ya ce al'adar Turawa ce kurum, babu ta cikin Littafi.

Na biyun nan yana da gaskiya a wuri ɗaya. Mu da mu ke aikin juya Littafi zuwa Hausa ba mu taɓa samun ayar da ta umurce mu mu kiyaye ranar haihuwar Almasihu ba, ba a ma faɗi watan ba. Labari mafi tsufa na yin idin ran 25 ga Disamba daga birnin Roma ya fito, a shekara ta 336. Har a Ingila majalisa ta hana shi a 1647, gama waɗansu masu ibada sun ga shaye-shaye ya yi yawa.

Amma mu duba Yohanna 10. Can mun tarar da Yesu cikin Haikali lokacin idin tsarkakewa. Musa bai umurci wannan idi ba. Yahudawa ne suka kafa shi a zamanin Yahuda Makabi, wajen shekara 164 kafin haihuwar Almasihu, domin tunawa da ranar da aka sake keɓe Haikali. Al'ada ce ta kakanni, Ubangijinmu kuwa bai ƙaurace mata ba. Abin da Bulus ya tsauta wa Galatiyawa a kansa shi ne zaton kiyaye ranaku zai ƙara musu ceto. Ga Romawa kuwa ya bar kowa da lamirinsa, muddin saboda Ubangiji ya ke yi.

Saboda haka mun ce halal ne, ba farilla ba. Damuwarmu tana wani wuri. Mun san magidanta da su ke kai dawarsu kasuwar Kontagora da kaka, lokacin da ta fi araha, domin ɗinkin sababbin tufafi da sayen nama, don kada maƙwabta da suka yi Salla da kyau su raina su. Kafin damina ta yi nisa rumbu ya ƙare, sai bashi. Gwauruwa kuma takan zauna a gida ran idi, kunyar tsohon zanenta ta hana ta shiga sujada.

Ku tattauna a ƙungiyarku: su wanene ba su zo sujadar Kirsimati bara ba, me kuwa ya hana su?