Wa Ya Rubuta Tarihin Daji?

Idan ɗalibi ya tambaye ni abin da zai karanta kan tarihin Maraɗi, ba na shan wahala. Ya fara da littafin Yusufu Bala Usman kan Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981, ya ga yadda sarakunan Haɓe suka rasa birninsu a jihadi har Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi. Sai Les Alhazai de Maradi na Emmanuel Grégoire, na 1986, mai labarin gyaɗa da fatauci da iyaka. Barbara Cooper kuma ta rubuta kan aure a 1997, ta bar mata suka yi magana da bakinsu.

Duk waɗannan na birni ne. Mu a Madarunfa, dajin Baban Rafi na kusa da mu, amma a tarihin sarauta daji hanya ce kawai: mayaƙan Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore su ratsa, su kai hari, su dawo. Giwayen da a da ke kai da komo tsakaninsa da dajin Rugu ba su da magatakarda.

To abin da ba a rubuta ba, bai da tarihi ke nan? Ban yarda ba, kuma hujjata ta addini ce. Suratul Zalzala ta sanar da mu cewa ƙasa za ta ba da labari ranar ƙiyama. Wanda zai ba da shaida kuwa, ai ya ga abin da ya faru, ya kuma riƙe. Sannan mu ne muka gaji ilmin isnadi, inda ake karɓar magana daga baki bayan an auna mai faɗinta. Me zai hana a auna tsohon maharbi ko makiyayi haka, maimakon a ce zancensa tatsuniya ce?

Ga kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da tafkinmu. Malamai na jayayya kan ziyararsu, wannan nasu ne. Ni abin da ya dame ni, an sa su a jerin jiran UNESCO tun 2006, amma labarinsu a bakin tsofaffi yake, tsofaffin kuma tafiya suke yi.

Yau dai ana rubuta sunan Rugu a jarida, Baban Rafi ma haka, amma sai in 'yan bindiga sun kwashe mutane ko shanu.