Kwabon da Sarkinsa Ya Sauka

A wata rumfa ta Tsohuwar Kasuwar Gombe na tarar da wani dattijo, tsohon dillalin auduga, ya zazzage gwangwani cike da kuɗin da aka daina karɓa bayan zuwan naira a 1973: aninai, da sisin kwabo, da jajayen kwabbai masu huda a tsakiya, kowanne da tauraro mai tsini shida wanda malamai ke kira hatimin Annabi Sulaimanu. Wani almajiri da ke gefe ya ce, "Baba, anya wannan ba kanzu ba ne?", yana nufin taskace dukiyar da aka yi wa narko a Suratut Tauba.

A ganina almajirin bai dace ba, gama narkon ya sauka ne a kan zinariya da azurfa da aka tauye wa haƙƙin Allah, alhali tagullar nan ko ƙosai ɗaya ba za ta saya ba. Amma fa ya taɓo mas'ala mai zurfi, wato ina darajar ta tafi, tun da ƙarfen bai rage nauyi ba, rubutun kuma bai goge ba? Fuƙaha'un Malikiyya sun daɗe da sanin cewa fulusu ba shi da daraja a zatinsa sai wadda hukuma ta ara masa, jama'a suka yarda. Shi ya sa littafinsu Muhtasar ya hukunta cewa wanda ake bi bashin fulusu, sa'an nan aka soke shi, kwatankwacinsa zai biya, sai in ya ɓace ɗungum a koma ga ƙimarsa.

Daga cikin tarin dattijon ya tsamo wani farin kwabo na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a Disambar shekarar tun ba a naɗa masa kambi ba. A Ingila ba a taɓa sakin kwabonsa a kasuwa ba, amma a nan, da yake huda ta ci gurbin fuska, sai aka buga sunan kawai. Ashe shekara da shekaru matan Gombe suna sayen daddawa da sunan mutumin da ya riga ya bar gadon sarauta, ba wadda ta kula. Can Ingila kuwa masu tara kwabbai har gobe suna farautar kwabonsu na 1933, wanda ƙwaya kaɗan aka buga, suna zuba masa dukiya, ga shi an soke shi tun 1971. Mai hankali ya tuna Ashabul Kahfi, waɗanda masu tafsiri suka ce tsohon kuɗinsu ne ya tona tsawon barcinsu.

Almajirin ya juya kwabon a tafinsa, ya tambayi nawa zai yi yanzu. Dattijon ya karɓe abinsa, ya ce da irinsa ya sayi allonsa na farko.